Yaya Ba Ya Karanta Shafi na Biyu

Ni ban yi jami'a ba. A aji uku na sakandare na tsaya, kuma duk mai son yi mini gori da wannan sai ya bi layi, don yayana ya riga shi. Amma shekara goma sha tara ke nan ina zaune a shagon buga takardu da ke daura da ƙofar kwalejin horar da malamai, kuma da wuya maƙala ta fita daga kwalejin nan zuwa wata mujalla ba ta bi ta ƙarƙashin yatsuna ba. Da tafireta na fara, ni na koya wa kaina. Da kwamfuta ta zo, sati uku muka yi ina zaginta tana ƙin yi mini aiki, har muka fahimci juna. Na san inda waƙafi yake zama a jerin manazarta, na san inda aya take zama, na kuma san mujallar da in ka ƙara mata tazara ɗaya za ta dawo maka da aikinka kamar ka zagi uwarta.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, malami ne a kwalejin. Shekara goma sha ɗaya yana kan mataki ɗaya kamar an kafe shi da ƙusa. 'Yan titinmu suna kiransa Kusan-Dakta, don tun ina goyon 'yata ta fari yake cewa ya kusa zama dakta, ga shi yau yarinyar tana satar mini takalmi. Ba ya jin haushin sunan. Har waiwayowa yake yi da murmushi.

Aibinsa guda ɗaya ne, sauran duk 'ya'yan wannan ne: Yaya ba ya karanta shafi na biyu. Takardar magani, takardar haya, wasiƙar makarantar yara, da zarar ya ga layi uku na farko sai ya ninke ya ce, "Na gane inda suka dosa."

To, a bana kwamitin ƙarin girma ya ce duk mai son hawa mataki sai ya kawo shaidar cewa mujallar ilimi ta karɓi maƙalarsa, kafin zaman ƙarshen wata mai zuwa. Gurbi ɗaya ne a sashensu, masu nema biyu: Yaya, da wata ƙaramar malama da shi ya koyar da ita a ajin farko, har yanzu kuma "yarinyar nan" yake ce mata. Ita tuni ta kawo mini tata, muka zauna muka bi dokokin layi-layi, ta aika, ta yi shiru da bakinta.

Ran Litinin Yaya ya faɗo shagona cikin kwat ɗinsa ta zuwa taro, ya dire mini tarin takardu a kan firinta.

"Ƙanwata, wanke hannunki. Yau za ki taɓa tarihi."

"Hannuna a wanke yake. Ɗauke mini tarihin daga kan firinta, aiki take yi."

Maƙalar a kan yadda ƙananan sana'o'in titinmu suka sauya cikin shekara talatin ce. Kuma in za a faɗi gaskiya, abin da ke ciki ba laifi, don ba nasa ba ne. Hirar mai aski ce da bakanike da Baba mai gida, wanda ya gina duk shagunan layin. Wata shida Yaya ya yi a bencinsu yana kwasa.

Na nuna masa bango, inda na liƙa dokokin mujallar, shafi huɗu a jere.

"Ka karanta waɗancan?"

Ya ɗaga kai ya dubi na farko, ya lumshe ido. "Na gane inda suka dosa."

"Huɗu ne, Yaya."

"Ke, don masu koyo aka yi su. Irinmu, edita yana ganin sunan zai miƙe tsaye."

"Sunan ne ma ba sa son gani. Shafi na biyu, layi na huɗu. Ba a sa sunan marubuci a jikin maƙala, don kada masu tantancewa su san ta waye."

"Kada su san ta waye? To wa za su yaba?"

Ya ja kujera ya hau ba ni umarni. Sunansa a saman kowane shafi, da manyan baƙaƙe. Hotonsa a shafin farko, wanda ya dafa haɓa. Zanen furanni a kewaye, irin na katin gayyata. Tsakuren kuwa, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da ake sawa a gaba, shafi biyu ya ci, rabinsa tarihin rayuwarsa ne tun daga firamare. Na buga masa yadda yake so. Ni mai buga takarda ce, ba uwar kowa ba. Da adireshin imel na shagona muka aika, don nasa ya manta kalmar sirrin sau uku, har sun gaji sun rufe.

Kwana biyu maƙalar ta dawo. A cire hoto, a cire suna, a cire furanni. Girman baƙi ya zama sha biyu, tazarar layuka biyu-biyu, gefen takarda daidai ta kowace kusurwa, tsakure kada ya wuce kalma ɗari biyu.

Yaya ya fita da takardar tsakiyar titi yana kaɗa ta.

"Kwana biyu! Wasu sai su shekara ba a kula su ba. Ni kwana biyu!"

Mai aski ya tsayar da almakashi a kan kunnen wani bawan Allah. "Sun karɓa ke nan, Kusan-Dakta?"

"Sun kusa. Shawara muke yi da su."

Bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota. "Kai dai komai naka kusa yake!"

Yankan tsakuren nan sai da ya kusa raba zumunci. Kalma ɗari shida da sha ɗaya ne. Duk jimlar da na sa hannu zan goge sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Wannan ita ce zuciyar maƙalar."

"Wannan cewa ta yi ka taɓa zama mai buga ƙararrawa a aji biyar."

"Shugabanci ne. A bar mini ɗari huɗu."

"Ba ni na kafa dokar ba."

"Ɗari uku, don darajar uwarmu."

"Kada ka sako Inna cikin wannan aika-aikar."

Can sai idonsa ya yi haske. Na san hasken nan. Shi ya yi ranar da ya ce zai gyara mana fanka, muka yi sati muna cin abinci a waje.

"Kwamfuta da me take gane kalma ta ƙare?"

"Da tazara."

"To cire tazarar! Manna su bibbiyu, uku-uku. Ta ƙirga ɗari biyu, ni kuma in faɗi ɗari shida."

Na dube shi, na dubi ƙofa, na tuna hawan jini. Na manna masa. Tsakuren ya fito kamar jerin gwano. Sunansa kuwa mun cire daga saman shafi, amma da na shiga bayi na dawo, ashe ya cusa shi cikin jikin maƙalar: "kamar yadda ni wane ɗan wane na sha faɗa," da godiya ta musamman ga "uwargidan wane ɗan wane."

Ta sake dawowa. Wannan karon da ɗan bayani: an samu sunan marubuci a wuri tara, tsakuren ba ya karantuwa, sannan manazarta shida ne kacal, huɗu daga ciki takardun laccar marubucin ne da ba a taɓa bugawa ba. Duk maganar da aka yi a maƙala sai an nuna madogararta, kuma mujallar ba ta duba aikin da manazartansa ba su kai ashirin ba.

Saura sati uku kwamiti ya zauna. Na ɗauka zai tafi laburare. Laburaren nan tsakaninsa da ofishin Yaya taku arba'in ne. Sai ga shi da safe, da hasken nan a ido.

"Waye ya gaya mini cewa da can kujera ɗaya ce a shagon aski?"

"Mai aski."

"To shi ne madogarar. Rubuta: sunan ubansa a gaba, nasa a baya, shekara cikin baka biyu, sunan littafi da rubutun tsutsa."

"Wane littafi?"

"Wanda da ya samu lokaci zai rubuta."

Na ɗauke hannuna daga kan kwamfuta, na ɗora a cinya.

"Yaya, saurara. Shafi na uku, ga shi can. Akwai yadda ake kawo maganar wanda aka yi hira da shi. Sunansa, sana'arsa, ranar hirar. Halas ne, sun yarda. Sauran kuma ka je ka karanta littattafan mutane ka cike."

"Hira? Ni in shiga mujallar ilimi da hirar benci? Yarinyar nan ta shigo da tulin littattafai, ni in shigo da gulmar shagon aski? Littafi ake so, littafi za su samu."

"To ba da yatsuna ba."

Ya koma kan ɗaya kwamfutar, ya naɗe hannun kwat, ya hau bugawa da yatsa biyu kamar kaza tana tsintar tsaba. Kafin la'asar mai aski ya wallafa littafi biyar, babbansu shi ne Kai da Abin da ke Cikinsa. Bakanike ya samu huɗu, har da Tarihin Taya, juzu'i na ɗaya da na biyu. Baba mai gida aka ba shi biyar, aka kuma ɗora shi a saman jerin, don shi ne babba. Daga shi sai mai aski, bakanike can ƙasa, kowa bisa shekarunsa.

Titinmu ya rikice. Mai aski ya zo da tawul a kafaɗa, ya sa na karanta masa sunayen littattafansa sau biyu.

"'Yar'uwa, shi wannan na ukun, me na ce a ciki?"

"Tambayi wanda ya haife shi."

"Yana da kauri?"

Baba mai gida kuwa ya sa aka buga masa jerin, ya kai aka sa a gilashi, ya rataye a falonsa kusa da agogo.

Ta dawo karo na uku, da layi ɗaya tak: a jera manazarta bisa tsarin abacada, kamar yadda shafi na biyu ya ce.

Nan ne fa ake yin ta. Sunan bakanike da baƙin farko yake farawa. Na Baba da na ƙarshe. Bakanike ya ji labari, bai ko wanke hannu ba ya je ya tsaya a ƙofar Baba yana gyaran murya. Minti goma ba a yi ba sai ga Baba a shagona, sanda na dukan ƙasa.

"Ina ɗan nan yake? Ni da na gina layin nan tun ana kiwon awaki a wurin, a sa ni ƙarƙashin yaron da ke wuni a ƙarƙashin mota?"

Yaya ya fito daga bayan injin kwafi. "Baba, ba ni ba ne. Abacada ce."

"Abacadar ta girme ni ne?"

"Doka ce ta duniya, Baba."

"To gidan da kake ciki dokata ce. In na sauka daga sama, kai ma ka sauko da kayanka."

Bakanike yana daga ƙofa yana cewa, "Baba, a yi haƙuri, ilimi ne. Ba ruwansa da furfura."

Sandar ta wuce ta gefen kunnensa, ta sami kwandon sharata.

Yaya ya rantse wa Baba cewa sunansa yana nan a saman jerin, ba mai taɓa shi. Da Baba ya fita, ya juya jerin bisa abacada, ya aika wa mujalla, ya kashe mini ido.

"Jeri biyu, zaman lafiya ɗaya. Wannan shi ake kira hikima."

Ran Juma'a da hantsi wayar shagona ta yi ƙara. Muryar mace ce, a hankali, irin ta mutanen da ba sa gaggawar komai.

"Sannu da aiki. Nan ne kamfanin ɗab'in littattafai?"

"Nan ana buga takarda, ana kwafi, ana ɗinke kundi. Wa ke magana?"

Ta ce ita ce editar mujallar. Ta ce an kawo musu maƙala mai littattafai goma sha huɗu da suka nema ko'ina ba su samu ba, kuma duka an rubuta cewa kamfanina ne ya wallafa, har da lambar waya. Ko zan taimaka musu da kwafin Kai da Abin da ke Cikinsa?

Wato sunan shagona ya kwafe daga jikin allon ƙofa. Shagon da na yi shekara goma sha tara ina tsare wa mutunci.

"Malama, ni ban taɓa wallafa ko kalanda ba. Amma in marubucin kike nema, ga shi can tsallaken titi yana aske wa wani ƙeya."

Sai na ji kamar ta rufe baki da hannu. "Na gode, 'yar'uwa. Kin taimaka."

Da na tare Yaya da maganar, ko gezau.

"Maimakon ki gode mini? Jiya ke mai kwafi ce, yau kin zama kamfani. Sun kira ne don sun ga abin ya fi ƙarfinsu."

Ran Talata wasiƙa ta iso. Yana tsaye a kaina na danna bugawa. Shafin farko ya fito, ya fizge shi tun da ɗuminsa, na biyun kuma ya maƙale a cikin firinta, kamar yadda ta saba in ta ga ana sauri. Ya karanta da ƙarfi: sun gode da maƙalarsa, ranar Alhamis edita za ta zo kwalejin ta gudanar da bita kan ƙa'idojin rubutu, suna neman izininsa su nuna maƙalar ga dukkan malamai a matsayin misali...

"Misali!" Ya yi tsalle har kwat ta ɗage. "Na gane inda suka dosa!"

Ya fice. Na buɗe cikin firinta, na zaro na biyun a hankali. Jimlar ta ci gaba: ...na kurakuran da ya kamata marubuci ya guje wa. Ba za su iya buga ta ba. Za su rufe sunansa, ba wanda zai san tasa ce. In bai amince ba, ya sanar da su.

Wallahi na bi shi. Ko me ya yi, nono ɗaya muka sha. Na same shi a bencin mai aski, mutane sun kewaye shi, har ya kira mujallar ya ce ya amince ɗari bisa ɗari.

"Yaya, zo gefe. Akwai shafi na biyu."

"Kun ji ta ko? Shafi na biyu, shafi na uku! Tun da na fara aikin nan take ja mini baya." Ya juya ga jama'a. "Ku yi mata uzuri. Aji uku ta tsaya. Mai buga takarda gani take yi ita ma ta san abin da ke cikin takarda."

Aka yi 'yar dariya. Na dubi takardar da ke hannuna. Na ninke ta biyu, na ninke ta huɗu, na sa a jaka.

"Allah ya kai mu Alhamis," na ce.

Duk da haka, da safiyar Alhamis, a ƙofar zauren taro, na kama hannun kwat ɗinsa.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. Duk abin da ka ji a ciki, kada ka miƙe. Ka zauna, ka yi shiru, ka fito. Shi ke nan."

"Hassada dai ba ta da magani," in ji shi, ya zare hannunsa.

Zauren ya cika. Layin gaba Yaya ya kama wa baƙinsa: matarsa da sabon mayafi, Baba mai gida da sandarsa, mai aski ya sha turare, bakanike ya kankare farce har sun yi ja. A layi na biyu, daidai bayan ƙeyar Yaya, shugaban kwamitin ƙarin girma ne zaune da ɗan littafinsa. Ƙaramar malama tana can gefe. Ni na tsaya a baya kusa da ƙofa, inda in abu ya ɓaci ba sai na nemi hanya ba.

Editar 'yar ƙaramar mace ce mai gilashi. Ta gaisa da mutane, ta kunna majigi. Shafin farko na kwafin da Yaya ya fara aikawa ya bayyana a bango, furanni zagaye, an shafe suna da baƙi, an rufe fuskar hoton, sai hannu kawai da ya dafa haɓa.

"Wannan maƙala ce da aka aiko mana daga wani wuri," in ji ta. "Mun rufe sunan mai ita, kuma ba za mu faɗa ba. Na kawo ta ne don ban taɓa ganin aiki ɗaya da ya tattara duk abin da muke hanawa ba."

Aka fashe da dariya. Yaya ma ya yi, yana gyaɗa kai, don bai gama jin jimlar ba ya gane inda ta dosa. Sai da ta nuno tsakuren jerin gwano, ta ce wa zai iya karantawa da numfashi ɗaya, wani malamin lissafi ya gwada har ya sarƙe, sannan na ga ƙeyar Yaya ta fara sheƙi. Matarsa ta juyo ta dube shi. Ya kafa wa takalminsa ido.

Na ce a raina, yauwa, zauna haka. Minti ashirin ne, ka tsira.

Sai ta nuno manazarta.

"Littattafai goma sha huɗu a nan babu su a duniya. Misali, wannan: Kai da Abin da ke Cikinsa."

Mai aski ya miƙe tsam, ya juya ga jama'a, ya ɗaga hannu biyu. "Ni ne! Na gode, na gode."

Zauren ya ɗauka. Editar ta gyara gilashi. "Malam, kai ka rubuta? A shekarar da aka sa a nan?" Ta karanto shekarar.

Bakanike ya ce, "Kai! A shekarar nan ai ko hawa kujerar aski sai an ɗaga shi!"

Shi kuwa Baba bai ji ko ɗaya ba. Ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido, yana bin jerin da bakin sanda daga sama. Ya wuce na ɗaya. Ya wuce na goma. Sandar tana sauka, tana sauka, har ta kai ƙasan bango.

"A ƙasa?" Muryarsa ta cika zauren ba lasifika. "Ƙasan ƙasa? Aka rantse mini!"

Ko a nan, da Yaya ya yi shiru, da ya sha. Mutane sun ɗauka wani ɗalibi ne ya yi wa tsofaffin layi wasa. Editar ma hanyar da ta ba shi ke nan, baiwar Allah, don ta rufa masa asiri.

"A yi haƙuri, Baba. Kada mu tsananta. Da alama mai aikin sabon shiga ne, wataƙila ɗalibin ajin farko da bai taɓa rubutu ba."

Na rufe ido. Na san an gama.

"Ɗalibi?"

Kujera ta yi ƙara. Na buɗe ido, ga Yaya tsaye, ƙirji a gaba.

"Wa kike kira ɗalibi? Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a kwalejin nan! Maƙalata ce! Ni na rubuta ta, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya taya ni! Ku cire baƙin nan, a ga suna!"

A layi na biyu, shugaban kwamiti ya zaro biro daga aljihu, ya cire marfin, ya buɗe ɗan littafinsa.

Editar ta numfasa. "To, malam, tun da ka bayyana kanka, bari in faɗa maka abin da ya fi ba ni takaici. Abin da waɗannan bayin Allah suka gaya maka shi ne mafi daɗin abin da na karanta a bana. Da ka kawo shi a matsayin hira, yadda shafi na uku ya nuna, da tuni tana hannun masu tantancewa."

Kawuna suka fara juyowa baya, don rabin malaman nan a shagona suka koyi shafi na uku. Na taka har layin gaba, na buɗe jaka, na warware takardar nan ninki huɗu, na ɗora masa a tafin hannu.

"Daga 'yar aji uku," na ce.

Ya karanta. A gaban mutum ɗari biyu, karo na farko a rayuwarsa, Yaya ya karanta shafi na biyu har ƙasa. Bai samu ya gama haɗiye shi ba sandar Baba ta iso.

Sati guda bai biyo ta titin ba. Ta bayan layi yake zagayawa. Matarsa ce ta yi ta sintiri gidan Baba har ya haƙura da maganar tashi, bisa sharaɗin a bar masa jerinsa na gilashi yadda yake. Mai aski kuwa har yau in ka zauna a kujerarsa sai ya ce maka, "Kamar yadda na faɗa a littafina."

Ranar da sakamakon kwamiti ya fito, ina cikin ɗinke wani kundi sai na ji hayaniya. Ga Yaya tafe a tsakiyar titi, kwat a kafaɗa, yana kaɗa takarda, matarsa na biye tana dariya har da hawaye.

"Ƙanwata! Na ɗauki darasi! Yau da shafi na biyu na fara!"

"Me ya ce?"

Ya karanto da muryar taro: "Muna yi maka fatan alheri da ci gaba mai ɗorewa. Sa hannun shugaban kwamiti." Ya buga takardar a kan teburina. "Ci gaba! Mai ɗorewa! Na gane inda suka dosa!"

"Na farkon fa?"

"Yana aljihu. Gaisuwa ce kawai, kin san su."

Na miƙa hannu. Ya ba ni. Na karanta layi uku na farko, na dubi matarsa da sabon mayafinta, na dubi mai aski da ya riga ya tsallako da almakashi a hannu yana shirin taya murna. Can ƙofar kwaleji, ƙaramar malama ce take fitowa, abokan aiki sun kewaye ta suna tafi.

Na jawo kujera da ƙafa.

"Zauna, Yaya," na ce. "Wannan karon ni zan karanta maka."